Ƙwallaye Bakwai a Akwatin Ƙanƙara

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin tsohuwar nan Babukhariya da muka zauna gida ɗaya da ita a unguwar Ammariyya a Jidda, wai mahaukaciyar da ta binne iri a cikin ƙanƙara tana jiran ya fito. Ku faɗa ku yi dariya, su ma su yi, ni kuma in kau da kai kamar ban ji ba. To shirun ya isa haka. Babu ɗayanku da ya san abin da ya faru, don babbanku a lokacin ko wando bai iya ɗaurawa ba, sauran kuwa ba a ma haife ku ba. Abin da kuka tsinta a bakin maƙwabta ne kuke maimaitawa. Da Hausa zan rubuta, don da ita nake iya faɗin gaskiya ba kwana-kwana, wanda Hausarsa ta tsaya a "ina kwana" sai ya nemi mai karanta masa. Sunanta Khala Nazira, kuma a duk matan da na zauna da su a Jidda ban ga mai hankalinta ba.

Gidan hoshi ne, tsakar gida ɗaya da ɗakuna uku a kewaye, mu a biyu, ita a ɗaya. Mun shige shi ba da daɗewa ba bayan saukarmu daga jirgin ruwa, mun baro Sudan inda muka yi shekaru muna tsinkar auduga. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya samu aikin tura amalanken ƙanƙara. Zai ɗauko manyan sanduna daga masana'anta, a lulluɓe da buhu da garin katako, ya bi gidajen gahawa da kasuwar kifi yana saukewa. A zamanin firiji sai gidan wane da wane, famfo kuwa bai iso layinmu ba, ruwa sai an saya a wurin saƙƙa, wato ɗan garuwarsu. Duk da haka sai da na yi lambu. Ni 'yar manomi ce daga ƙasar Kazaure, in na kwana biyu hannuna bai taɓa ƙasa ba ji nake kamar ban yi wanka ba. Na tara gwangwanayen samna, man girkinsu, na jera a jikin bango, na zuba rama da yakuwa da kuɓewa da ɗoɗɗoya, da lalle guda ɗaya a tsohuwar garwa. Ruwan wankin shinkafa da na alwala ba ya zuba a banza a gidan nan. Shekarar farko na shuka daidai lokacin da zuciyata ta ce mini damina ta sauka a gida, rana ta soye su tas cikin mako biyu. Khala Nazira ta leƙo daga ƙofarta da allura a hannu, ta ce mini a garin nan sai sanyi ya shigo ake shuka. Na bi maganarta, lambu ya yi kore shar har maƙwabta na aiko yara roƙon yakuwa, amma ban ce mata na gode ba, don a raina na ɗauka sa'a kawai ta ci. Kun dai san halina. Tun a lokacin haka nake, abin da na sani shi ne sani.

Huluna take ɗinkawa ana sayar wa alhazai. Mijinta ya rasu a nan Jidda, ɗanta ɗaya tilo, Abdurrahim, yana Ta'if yana gasa tamis, burodin nan nasu mai faɗi. Ya yi ya yi ta koma wurinsa, ta ce ba ta barin garin da mijinta ke kwance. Larabcinta karyayye ne, nawa ya fi nata karyewa, amma mun fahimci juna sarai. Bayan la'asar takan fito da tabarmarta kusa da gwangwanayena, tana ɗinki ina tsinkar ganye. A nan ta fara ba ni labarin lambun mahaifinta, kuma ba zama ɗaya ta ba ni shi ba, guntu-guntu ne, yau bango, gobe bishiya, har na haddace shi fiye da yadda na haddace layinmu.

Ta ce gidan can ƙasarsu mai tsananin sanyi yake, a gindin duwatsu, lambun yana bayan ɗakuna, katangar ƙasa ta kewaye shi, wata 'yar magudanar ruwa ta ratsa tsakiyarsa. In sanyi ya matso sai babanta da yayyenta su kwance inabi daga kan rumfa, su kwantar da shi ƙasa su binne shi da ransa. Haka rumman, haka ɓaure, kowanne a lanƙwasa shi a rufe da ƙasa.

Na ce, "Innalillahi! Itace mai rai, Khala?"

Ta ce, "Barci yake yi, ya binti, 'yata. Wanda bai yi barci ba ba ya tashi da ƙarfi."

Sannan wata safiya mutum ya farka ya ji garin tsit, ba ƙarar takalmi, kukan zakara ma kamar daga cikin tulu. A buɗe ƙofa a ga komai ya yi fari, ƙanƙara ta sauko cikin dare kamar gari. Ta ce kowane reshe yana ɗaukar nasa daidai kaurinsa, har ɗan siririn tsinke da nasa layin fari a bisa, kan katanga kuma ya yi tudu kamar an yi masa rawani. Magudanar ruwan ce kaɗai baƙa a tsakiya, tana tafiya a hankali tana tururi. Sawun tsuntsaye ya yi ta ratsa lambun, ita da ƙanwarta su bi shi su ga inda ya ƙare. Babanta zai hau rufin ɗaki da shebur na katako ya turo abin da ya taru, ba ya kuma zubar da shi ko'ina sai gindin bishiyoyi, wai ruwan shansu ne na bazara yake tara musu. Su kuwa suna ɗaki kewaye da wani gajeren tebur, garwashi a ƙarƙashinsa, babban bargo a kan ƙafafun kowa, amma uwarsu takan bar ƙofa a ɗan buɗe duk sanyin nan, don ta ce zunubi ne Allah ya yi wannan ado a rufe masa ƙofa. A tsakiyar lambun akwai babban iccen mishmish, mai 'ya'ya rawaya masu ƙwallo ɗaya a ciki, da kakanta ya shuka. In rana ta ɗan ɗaga sai ka ji fuf, reshe ya sauke kayansa ya miƙe.

Rannan da ta ga na kasa gane yadda ƙanƙara za ta zama gari, ta karɓi wani gutsure a wurin babanku, ta ɗauko wuƙa ta tsaya a kan lallena tana kankarewa. Farin gari ya yi ta sauka a kan ganye, yana zama a kan kowane ɗan reshe yadda ta faɗa.

Ta ce, "Shufi, shufi! Duba da sauri!"

Na duba. Kafin in kira babanku ya zo ya gani ya zama ruwa yana ɗiga. Ta tsaya da wuƙar a hannu tana kallon jiƙaƙƙen ganyen.

Amma labarin da ta fi so shi ne na lokacin da sanyin ke sakin gari. Ta ce a gindin iccen mishmish ake fara gani, ƙanƙarar ta janye ta bar baƙar ƙasa zagaye da shi kamar faifai. Indararo ya yi ta ɗiga yini guda. Wani ɗan fure rawaya, bai kai tsawon yatsa ba, ya huda ƙanƙarar ya leƙo, duk yaron da ya fara ganinsa ya tsinke ya bi gida-gida da shi, tsofaffi su shafa a ido su gode wa Allah da ya nuna musu wata shekarar. A tono inabi a kakkaɓe shi a mai da shi kan rumfa, in an datse reshe ka ga yana hawaye. Shi kuwa mishmish fure yake fara yi kafin ganye, icce baƙi ƙirin ya wayi gari fari da ɗan ja-ja a ciki, ƙudan zuma su cika shi har daga ɗaki kana jin su. Wata shekarar ƙanƙara kan dawo ta sauka a kan furen, ka rasa wanne ne wanne sai ka taɓa. Ban ɓoye muku ba, labarin nan ya shiga raina. Ni da na bar gida ina kewar ƙamshin ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, sai ga ni ina kewar gidan wata, gidan da ban taɓa gani ba kuma na san ba zan gani ba. Ina tuƙa tuwo gumi na zuba, zuciyata tana can ƙarƙashin bargon nan tana leƙen ƙofa. Sai dai can ƙasan raina ban yarda ƙanƙara na yi wa shuka alheri ba. A wajenmu ƙanƙara masifa ce. Ina yarinya na ga ta sauko wa gero ya fara fitar da kai, kafin a tafasa ruwan koko ta mai da gonar babana karmami, ya zauna a kan kunya ya dafe kai.

A hajjin wata shekara, lokacin talabijin ta fara shiga gidajen masu hali, wani dattijo daga ƙauyensu ya yi ta tambaya har ya gano gidanmu. Labarin da ya kawo ba daɗi. Yayanta na ƙarshe ya rasu, gidan ba kowa, kuma za a fitar da hanya ta bi ta tsakiyar lambun, ƙila ma kafin ya koma an sare komai. Ya ciro wani ƙullin hankici ya ba ta, busasshen mishmish ne guda bakwai daga babban iccen. Bayan ya tafi ta kira ni ɗakinta, ta ba ni uku ta ci huɗu, hawaye na bin kuncinta tana taunawa a hankali. Zaƙinsa da ɗan tsami-tsami, har yau ina jin sa a harshena. Ta karɓi ƙwallayen da na fitar ta haɗa da nata ta wanke.

Ta ce, "Duk abin da ya saura na gidanmu ke nan a duniya. In suka tsiro zan kai wa Abdurrahim Ta'if, can akwai sanyi, yana da ɗan fili a bayan tanderunsa. Ba zan ci 'ya'yansu ba, na sani. Furen kawai nake so in gani sau ɗaya."

Na ce, "To mu shuka mana, ga gwangwani."

Ta ce, "La, la, a'a. Wannan ba ya tsirowa sai ya kwana a ƙanƙara wata uku. Sai ya tabbata sanyi ya zo ya wuce sannan yake buɗe baki."

Ta adana su har lokacin da lissafinta ya ba ta ƙanƙara ta fara sauka a ƙasarsu. Babanku ya samo mata wani akwatin katako mai kwano a ciki, irin na masu sayar da lemo. Ta sa ƙwallayen a ɗanyen yashi cikin ƙaramin gwangwani, ta naɗe da tsumma, ta ajiye a tsakiya. Safe da yamma babanku zai biyo da amalankensa ya fasa gutsure ya jera kewaye, ni kuma in kwashe ruwan da ya narke in ba lambuna. Kullum bayan sallar asuba takan ɗaura ƙulli ɗaya a jikin wani zare da ta rataya a ƙusa. Maƙwabta suka fara gulma, Khala ko a jikinta. Ta ƙara ƙiba ma a watannin nan, tana ɗinki tana 'yan waƙe-waƙe da yarensu.

Ƙulli ya wuce sittin sai Abdurrahim ya zo ya ɗauke ta ziyara Madina, kwana goma. Da ƙyar ta yarda. Da za ta fita ta kama hannuna ta ɗora a kan akwatin.

"Amana, ya binti. Ƙanƙara safe da yamma. Kada ki buɗe gwangwanin, kada kuma ki ji tausayinsu."

Na ce, "Haba Khala, sai ka ce yarinya. Je ki abinki."

Kwana na huɗu ina kwashe ruwa na ji wari-wari. Na ɗaga tsumman na ga ya yi baƙin funfuna. Nan take 'yar manomin ta motsa. A gidanmu iri a bushe ake ajiye shi, a cuɗe shi da toka a toshe bakin tulu, duk irin da ya ji danshi ya yi funfuna to ya tafi. Na ce bari dai in duba, dubawa ba ta kashe kowa. Na zazzage yashin a tafin hannuna. Ƙwallaye huɗu sun tsage, kowanne ya turo ɗan farin abu daga bakinsa, a lanƙwashe, mai tsini, yana sheƙi. Sun tsiro. Wallahi sai da na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida. Sai kuma tausayin da aka hana ni ya zo. Jarirai haka a cikin ƙanƙara, ga funfuna ta kewaye su? Gonar babana ta faɗo mini a rai. Na ce tsohuwar nan ta yi nata, sun fito, yanzu saura wanda ya san shuka ya karɓa. Na wanke su, na barbaɗa musu toka saboda funfunar, na jera su bakwai a kan tiren ƙarfe na hau da su rufin ɗaki don su ɗan sha ɗumi kafin in haɗa musu ƙasa. Ina saukowa aka aiko maƙwabciyarmu na naƙuda, ba kowa a wurinta. Na yafa mayafi na fita, ban dawo ba sai bayan la'asar. Ranar Jidda ko a watan sanyi kun san ta. Tiren ba ya taɓuwa don zafi. Fararen tsiron nan huɗu sun ƙanƙance sun koma kamar zaren da wuta ta lasa, ina taɓa ɗaya ya karye.

Babanku ya same ni zaune a matakala da tiren a cinya. Ya ajiye ƙanƙarar da ya kawo, ya ɗauki ɗaya daga ukun da ba su tsage ba ya jijjiga a kunne, ya mayar.

Ya ce, "Saude, me kika yi?"

Na ce, "Gyara na je yi, Malam."

Ya ce, "In ta dawo ki faɗa mata. Halas, shi ke nan. Abin da ya faru ya faru."

Na ce, "Da wane bakin? Matar da ta ɗora hannuna a kai ta ce amana?"

Na binne su a garwar lalle ina ba su ruwa ko Allah zai sa, ko ɗaya bai motsa ba. Ana jibi za ta dawo na shiga kasuwar Balad wurin wani Balarabe Bashame mai busassun kayan marmari, na sayi mishmish, na zauna na zaɓi ƙwallaye bakwai masu kama da nata, na sa a sabon yashi na naɗe da tsumman. Na ce a raina mishmish ai mishmish ne, in suka fito wa zai bambance? Babanku yana tsaye yana ganin abin da nake yi.

Ya ce, "Ni dai zan ci gaba da kawo ƙanƙara. Ba zan tona ki ba, amma in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba."

Ba ta tambaye shi ba. Ta dawo da dabino da ƙaramin carbi ta ba ni, ta shafa akwatin ta ji sanyi, ta sa mini albarka. Ta zauna ta ɗaura ƙulli goma a zarenta.

Ranar da ƙulli ya cika tasa'in ta dafa shinkafarsu mai karas da zabibi, ta sa rigarta ta salla, ta kira mu. Ta yi bisimilla ta zazzage yashin a kan farin ƙyalle. Ƙwallaye bakwai, kowanne bakinsa a rufe gam. Ta juya su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Ta ce ƙila sun makara saboda doguwar tafiyar da suka sha, a ƙara musu kwana ashirin. Aka ƙara. Aka sake ƙara wasu ashirin. Ban sani ba ko na Bashamen an turara su ne kafin a busar, ko kwanakin ne ba su ishe su ba, ba su dai ce uffan ba. Zafi ya shigo, ƙanƙarar safe ba ta kai azahar, babanku ya koma zuwa sau uku, yana barin hanyarsa ya zagayo da amalanke a cikin ranar nan, alhali ya san abin da ke cikin gwangwanin. Bai taɓa yi mini gori ba, sai dai in ya zo ba ya kallona. Wata yamma ta tare shi a bakin ƙofa.

Ta ce, "Halas, ya Abu Usman. Ka huta, Allah ya biya ka. Ba laifin ƙanƙararka ba ne. Iccen ne ya tsufa kamar ni, ashe ya mutu tun kafin a kai masa gatari. Ba abin da ya saura a cikinsa."

Ina tsaye a wurin da ludayi a hannu. Kalma huɗu ce ko biyar za ta fid da ita daga wannan tunanin, na haɗiye su. Kunya na ji, da tsoron idonta, da kuma girman kai, don in na faɗa na yarda ke nan cewa ita ce ta sani, ni ce ban sani ba. Daga ranar ba ta ƙara ambaton lambun ba. Takan fito da tabarma bayan la'asar ta yi ɗinkinta shiru. Na taɓa cewa ta ƙara ba ni labarin furen nan rawaya, ta ce ta manta. Matan layi kuwa suka samu abin yi, har wata ta tambaye ta a gabana ko bana za ta shuka kifi ne a yashi, aka kwashe da dariya, ni ma na yi murmushi don kada a gane ni. A cikin abubuwan da na yi a rayuwata, wannan murmushin na cikin waɗanda suka fi damuna. Ni kaina na yi asara, don lambun nan na mahaifinta ya zama wurin da zuciyata ke zuwa ta huta, kuma ni na rufe wa kaina ƙofarsa. Na yi ta ƙoƙarin tuno shi ni kaɗai, amma ba muryarta sai ya ƙi yin fari.

Bazarar nan ta ci ta. Ta rame, allura ta fara faɗuwa daga hannunta, abinci sai an lallashe ta. Da Abdurrahim ya zo ya ce wannan karon ƙafarsa ƙafarta, ba ta yi gardama ba. Ranar tafiya mota ta tsaya a bakin layi don ba ta iya shigowa. Aka fitar da kayanta, ba su da yawa. Mata suka taru ana sallama ana yafe-yafe, ni ina rakuɓe a jikin gwangwanayena da duk sun bushe. Har an zaunar da ita a mota ta aiko a kira ni. Na je na tsaya a jikin taga, ta miƙo hannu ta kama nawa.

Ta ce, "Ki yafe mini, ya binti. Na wahalar da ke, na wahalar da mijinki wata biyar a kan mataccen abu."

A nan abin ya fi ƙarfina. Na durƙusa a ƙasa a gaban mutane, na riƙe ƙofar motar.

Na ce, "Khala, ba matattu ba ne. Sun tsiro. Kina Madina na buɗe, na gan su da idona. Ni na sa musu toka na shanya su a rana suka ƙone. Waɗanda kika gani na kasuwa ne, ni na canza."

Na jira mari, ko tsinuwa, ko ta saki hannuna. Ba ta saki ba, sai ma ta ƙara damƙewa har na ji zafi. Ta daɗe tana kallona, bakinta na motsi.

Ta ce, "Nawa?"

Na ce, "Huɗu."

"Huɗu cikin bakwai?"

"Huɗu, Khala. Ki yafe mini don Allah."

"Yaya suke? Fari?"

"Fari tas. A lanƙwashe, da ɗan tsini, suna sheƙi."

"Tsawonsu?"

Na nuna mata a farcen ɗan ƙaramin yatsana. Ta kama yatsan ta kawo shi kusa da idonta tana dubawa. Ta juya ga ɗanta ta yi masa magana da yarensu da sauri-sauri, na ji muryarta ta dawo irin ta da, tana nuna masa yatsu huɗu, tana dariya hawaye na zuba. Direba ya ce yalla, a tafi, rana na yi. Abdurrahim ya ce masa ya dakata.

Na sake cewa, "Khala, kin yafe mini?"

Ta ce, "A kwana na nawa kika buɗe? Ta wane gefe suka tsage? Faɗa mini tun daga farko, kada ki tsallake komai."

Na faɗa mata tun daga warin tsumman har zuwa guɗar da na yi. Da na zo wurin toka ta ɗaga hannu ta tsai da ni, ta ce in koma inda na zazzage yashin a tafin hannuna. Sau uku ina komawa. Direba ya tayar da mota, na bi ta ina riƙe da taga ina faɗa, har ta fi ƙarfin ƙafata na saki. Ba ta kai sanyin shekarar ba, a Ta'if aka binne ta. Kalmar da na roƙa ban ji ta daga bakinta ba, kuma ban san ko hana ni ta yi ko ba ta ma ji tambayar ba. Abin da na ji na ƙarshe, motar na shan kwana, ta leƙo da kanta tana ɗaga murya.

"Huɗu kika ce, ko?"